Amsa: rufin bayan Land Cruiser, kwano ko tamfol?

Salam ɗan uwa, ka ce kana son yi wa bayan motarka rufi da kanka saboda kana bin hanyar Tanut da ƙauyuka, kana tambaya kwano za ka sa ko tamfol. Ni dai tamfol, bash ɗin nan mai kauri na manyan motoci. Kwano a ranar Damagaram watan Afrilu ai tanda ne, ga ƙara kamar ana kiɗan gwangwani in ka hau hanya mai gargada.

Ƙarfen da zai riƙe tamfol ɗin kuma ka nemi tiyo, wato bututun ƙarfe, mai kusurwa huɗu, milimita 30 da 30 ya isa, kada mai walda ya ruɗe ka da mai nauyi wai ya fi ƙarko, nauyi in ya taru a sama motar tana rinjaya a cikin rairayi, balle an ɗora buhunan hatsi. Kuma don Allah kar a like shi da jikin mota, a ɗaure da bulon, wato ƙusa mai noti, a sa guntun robar tsohuwar taya a tsakani. Nawa na farko walda aka yi mashi, ko Gure ban kai ba ƙafa ɗaya ta rufin ta tsage daga gindi, da igiya na ɗaure muka dawo, yaran mota suna ta dariya.

Tsakiyar ta ɗan yi tudu don ruwan damina ya gangare, in ba haka ba tamfol ɗin ya yi tumbi. A shafa wa ƙarfen jan fenti na maganin tsatsa tun kafin a ɗora.