Anti, in ce mata ta haƙura da rubutun nan ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema a kan wata aminiyata, tun muna sakandare a nan Zariya take rubuta labarai, har a bayan littafin lissafi. Yanzu ta yi aure da yara biyu amma abin bai sake ta ba, sai ta kwantar da yara ta ɗau waya tana ta dannawa har ƙarfe ɗaya na dare, in caji ya ƙare ta koma biro da takarda. Ta kai littafinta wani kamfani aka riƙe shi wata da watanni daga baya aka ce ta zo ta ɗauki abinta wai su littattafan makaranta suke bugawa, ta shiga gasar gajerun labarai ba sau ɗaya ba ko a cikin waɗanda aka yaba sunanta bai taɓa fitowa ba, ranar da sakamakon ƙarshe ya fito ta kira ni tana kuka, washegari kuma wallahi Anti sai ga sabon babi ta turo min! Maigidanta ya fara ƙorafin kuɗin data, surukarta kuma cewa take da ɗinki ta kama ko turaren wuta da yanzu ta tara abin kanta. Ni dai tausayi take ba ni. In ce ta haƙura, ko in ci gaba da ce mata ya yi daɗi?

Daga ƙanwarki a Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni ƙarshen wasiƙarki ne ya tsaya min a rai. "In ci gaba da ce mata ya yi daɗi." To tsakaninki da Allah karantawa kike yi, ko buɗewa kawai kike ki tura mata alamar wuta da zuciya ki rufe? Don wacce za ta yi kuka yau gobe ta turo babi, ko kin ce ta daina ba dainawa za ta yi ba, sai dai ta daina nuna miki, kin ga kin yi asarar aminiya ita kuma ba ta ƙaru da komai ba.

Maganar kamfanin nan kada ta dame ku. Ba su ce labarinta ba kyau ba, cewa suka yi ba hajarsu ba ce, kuma wannan tsohon zance ne. Garinku fa shi ne gidan ɗab'in Hausa, a nan aka shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta fito da su Abubakar Imam, a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Amma duk da haka da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980 buga littafin hira ya yi wuya, sai matasa a Kano suka riƙa haɗa 'yan kuɗinsu suna kai wa masu injin buga takardu da kansu suna bai wa 'yan kasuwa, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa duk a wannan tafiyar suka yi suna. An yi musu ca, aka laƙaba wa abin adabin kasuwar Kano, yau ga shi ɗalibai na rubuta kundin digiri a kansu.

Gasa ce nake so ku zauna ku duba da kyau, don a nan ake gane naci da taurin kai. Abin da take turawa duk shekara, gyara shi take ko salo ɗaya ne ake sauya wa suna? Yawancin 'yan matanmu a guruf ɗin WhatsApp suka koyi rubutu, can kuwa makaranta jan labari suke so, shafi uku ana lissafin akwatunan lefe, shafi biyu amarya na kwalliya, a saka leshi a cire a saka atamfa. Gajeren labari ba ya ɗaukar wannan, an ƙayyade miki kalmomi, alƙali na da tulin labarai a gabansa, in ya karanta sakin layi biyu har yanzu jarumar tana soya albasa ba abin da ya faru, ajiyewa zai yi ya ɗau na gaba. Ga kuma ƙa'idar rubutu, raba kalma da haɗewa da haruffa masu ƙugiya, abin da mu a waya ba ruwanmu da shi amma su suna dubawa.

To aikinki ke nan. Ki karɓi labarin da ya faɗi ɗin nan ki karanta shi da biro a hannu, inda kika ji kin fara hamma ki sa alama, inda kika rasa gane wa ke magana ki sa alama, inda kuma ya kama ki har kika manta tukunya a wuta shi ma ki gaya mata, don ta san inda ƙarfinta yake. Za ta ji haushi, ƙila ta kwana biyu ba ta ɗaga wayarki ba, ki ƙyale ta. Bayan ke kuma ta nemi idon wanda ba ya jin kunyarta, kuna da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da sashen da ake nazarin Hausa, ba za a rasa malama ko ɗalibar da za ta duba mata shafi goma ba, ga ƙungiyoyin marubuta da ke zaman karatu ana yi wa juna gyara.

Shi kuma maigidan, kada ku mai da shi abokin gaba, kuɗin data kuɗi ne a wannan marra. Rubutu ai ba ya cin data, zaman guruf da jiran sharhi ne ke ci, ta kashe ta yi rubutunta in ta gama ta kunna ta tura. Kuma dan Allah kada zafin an ƙi ta ya sa ta sayar da ɗan kunne ta buga kwafi dubu su ƙare a ƙarƙashin gado, ta fara gwada masu karatu a waya tukunna ta ga ko akwai mai sa kuɗinsa ya saya. Surukarta kuwa a ce mata to Mama, turaren wuta bai hana kowa rubutu ba, in da hali ma ta haɗa biyun.

Ki sake rubuto min in kin karanta, ina so in ji a shafi na nawa kika sa alamar farko da abin da ta ce miki.