Shin labarin fim ɗin Mughal-e-Azam gaskiya ne?

Malam, ka tambaya ko soyayyar yarima Salim da baiwa mai rawa Anarkali, wadda fim ɗin ya nuna, ta faru da gaske. Sarakunan na gaske ne, soyayyar ce ke da alamar tambaya.

Akbar ya mulki Indiya daga 1556 zuwa 1605, ɗansa Salim ya gaje shi da sunan Jahangir. Salim ya yi wa uban tawaye kuwa, amma kan gadon sarauta ne, ba kan baiwa mai rawa ba. Anarkali fa, ko a littafin da Jahangir ya rubuta kan rayuwarsa babu sunanta. Wani Bature ɗan kasuwa, William Finch, ya tsinci zancen a Lahore, daga baya marubuci Imtiaz Ali Taj ya mayar da shi wasan kwaikwayo a 1922. Daga nan darakta K. Asif ya ɗauko fim ɗinsa na 1960.

Amma kada wannan ya hana ka kallo. Nemi wurin da Madhubala (Anarkali a fim ɗin) ke rawa a ɗakin madubai, hotonta ya cika bango ko'ina, Prithviraj Kapoor (Akbar) yana zare ido don fushi, Dilip Kumar (Salim) ya yi tsit. Ni dai fim ɗin na asali, baƙi-da-farin, ya fi min wanda aka sa wa kala a 2004.