Amsa kan hoton nan da Alhaji ya turo

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ga hoton, kana tambaya wai kura ce ko sayaki. Kura ce, mai ɗige-ɗigen nan. Dubi kunnuwan, gajeru ne zagayayyu. Da sayaki ne da ka ga kunne mai tsini, jiki duk zane, ga geza har gadon baya. Sannan ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa ƙugun ya zube, in tana tafiya sai ka ce gurguwa. To ba gurguwa ba ce, in ta zuba da gudu tana kai kilomita 60 a awa. Nauyi kuwa wata har kilo 70, a'a, tsaya, macen ce ke kai haka, don a wajensu mace ta fi namiji girma, ita ce ma shugabar garke.

Amma na san inda ka dosa, maganar nan ce ta wai mushe kawai take ci. Wallahi maganar nan ta daɗe tana ci mini rai. Muna aji biyar wani malami ya faɗi haka, na ɗaga hannu na ce kakana maharbi ne, da idonsa ya ga kuraye sun kayar da gwanki. Bulala shida ya yi mini a gaban 'yan aji, wai ina musu da malami. Shida! Ban yi ƙarya ba, kakana ma bai yi ba. Wani Bature, Hans Kruuk, ya yi shekaru yana bin su dare da rana a Ngorongoro ta Tanzaniya a shekarun 1960, ya tarar yawancin abin da suke ci su suka farauto, sau da yawa ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Har ƙashi take taunewa, shi ya sa kashinta in ya bushe fari fat... to, bar wannan.

Wurin zama, ba ta son kurmi mai duhu, ba ta kuma shiga tsakiyar Sahara. Dajin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi take so, irin Yankari a Bauchi ko gandun W a Nijar. Haihuwa a rami take yi, sau da yawa tsohon ramin dabgi, 'ya'yan su fito baƙaƙe, ido buɗe, da haƙoransu. Ɗigon sai daga baya yake fitowa. Ta hoton nan dai babba ce, Alhaji, a ina aka ɗauke ta?