Tambayi Kawu: Zan Zaga Gana da Jakar Goyo, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Daura ne, shekarata 26, watan jiya na gama bautar ƙasa. Na tara ɗan abin da ya samu daga alawus, na sayar da tumakina biyu na haɗa. Burina in goya jaka in zaga Gana na mako uku, ni kaɗai, ba fatauci ba, ba karatu ba, in ga ƙasa kawai. Kakana ya yi fataucin goro a Gwanja, tun ina yaro nake jin sunan Salaga da Kumasi a bakin kakata. An ce mini ko'ina akwai Hausawa, saboda haka ba ni da fargabar yare ko masauki. Ta Maraɗi zan bi ko ta Legas? Me zan ɗauka? Yaya zan raba kwanakin? Inna dai ta ce yawon banza ne.

Nazifi, Daura

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Mu fara da Inna. Kada ka taka ƙofar gida sai ta sa maka albarka, kuma kada ka je mata da maganar "buɗe ido", ba za ta saurare ka ba. Ce mata za ka je ka ga inda kakanka ya taka. Wannan yaren za ta ji.

Wanda ya ce maka akwai Hausawa ko'ina a Gana bai yi ƙarya ba, amma nan ne tarkon yake. Ni ya kama ni. Zuwana na farko ina saurayi kamar ka, maigidana ya aike ni Kumasi, na sauka a Aboabo wajen wani dattijo mai sayar da goro. Da asuba koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa a cikin ganye, Magariba mu yi sahu a ƙofar gida, dare ya yi a shimfiɗa tabarma a yi ta hirar Kano da Sakkwato. Kwana tara na yi ba abin da ke fita bakina sai Hausa. Da na dawo Katsina, muna zaune a Ƙofar Soro wani abokina ya ce, "To ya fadar Sarkin Asante take?" Na yi tsuru-tsuru. Fadar nan, Manhyia, daga inda na kwana da ƙafa ake zuwa. Na je Gana na dawo ban ga Gana ba, zango na gani.

Saboda haka ka kwana a zango, ka ci a zango, ka yi salla a zango, amma gari na wayewa ka fice. Gana ƙasa ɗaya ce a taswira, a ƙasa kuwa mutanen bakin teku daban, Asante na kurmi daban, mutanen arewa daban, kowa da sarautarsa da tuwonsa da ranakun da yake girmamawa. Tsarin tafiyarka kan ranakun nan za ka ɗora shi, ba kan kilomita ba.

Batun hanya ba mai tsawo ba ne: bi ta Legas. Na san Maraɗi ta fi kusa da kai, amma hanyar sai ta ratsa Burkina Faso, ga halin tsaron da ake ciki, ga shi Nijar da Burkina da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ta kudu kuwa daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, sai dai iyaka uku ce: Seme ka shiga Benin, Hilakondji ka shiga Togo, Aflawo ka shiga Gana. Kada ka ƙirga shi da awa, ƙirga shi da yini guda cur. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, amma ka riƙe fasfo mai sauran rai da katin rigakafin zazzaɓin shawara, na gaskiya, wanda aka yi maka allurar. Na taɓa tsayawa awa biyu a wata iyaka saboda wani fasinja da ya sayi nasa a tasha. A Benin da Togo sefa ake kashewa, a Gana sidi. In ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har ka gama Gana. Zuwa da dawowa za su ci maka kwana biyar ko shida cikin 21 ɗinka, abin da ya rage shi ne tafiyar.

Akra kwana biyu ya isa. Mutanen zango Ankara suke ce mata, kada ka ɗauka Turkiyya ake nufi. Ka sauka Nima ko Mamobi, ka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Ka leƙa Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa, wanda mahaifinsa Malam Nenu daga Katsinan nan tamu ya fito. Za ka ji Hausar da babu "ta", mace ma "ya zo" ake ce mata. Kada ka gyara wa kowa. Hausarsu ce, kakanninsu sun riƙe ta a bakin teku fiye da shekara ɗari, kai da aka haifa kusa da Kusugu ba ka sha wahalar komai ba wajen samun taka.

Daga nan ka yi yamma zuwa Elmina, ƙasar Fante masunta. Kada ka je ranar Talata in kana son ganin jiragen kamun kifi na shigowa, ranar ba a shiga teku. Ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482 yana nan tsaye. Za a shiga da kai ɗakunan ƙarƙashi inda ake tsare bayi, a nuna maka 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda mutum sai ya karkata yake wucewa. Ni da na fito ban iya cin abinci ba sai dare. Riƙe abin da ka gani, zan dawo kansa.

Kumasi ita za ka ba lokaci, kwana huɗu ko biyar, kuma ita za ka fara sa wa rana kafin ka sayi tikitin ko'ina. Duk bayan kwana 42, ranar Lahadi, ana yin Akwasidae a Manhyia, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan karaga tun 1999, yana fitowa ya zauna a bainar jama'a. Tambayi ranar tun kana Daura, ka gina sauran tafiyar a kewayenta. Kai da ka saba da fadar Daura ba za ka ji baƙunta sosai ba. Ba a yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin mai sandar zinariya, kamar dai yadda fadawanmu ke amsawa da "Sarki ya gaishe ka". Mu rawani da alkyabba, su zane ake yafawa, kuma mai gaisuwa sai ya zame takalmi ya sauke zanen daga kafaɗa. Mu mukan ƙara tufa don girmama sarki, su ragewa suke yi.

Asabar kuma ranar jana'iza ce. Za ka ga gari ya cika da baƙi da ja, an kafa rumfuna, kiɗa na tashi, har ka rantse biki ne. Ni an taɓa jan hannuna zuwa wata, na tarar da dattawa sun jeru a kujeru, sai na nufi wanda na ga ya fi tsufa a tsakiya na miƙa hannu, yadda aka koya mana a gida. Tsohon ya dube ni ya yi murmushi, bai karɓa ba, ya nuna mini ƙarshen layi da haɓa. Ashe daga wanda ke damanka ake farawa, a bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ba ruwan kowa da shekaru. Na koma na faro, yara na ta dariya. Koyi "medaase", wato na gode, za ta buɗe maka ƙofofi. In an tambayi ranar da aka haife ka kada ka yi mamaki, suna za a raɗa maka: Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwame Ɗan'asabe, Akosua kuwa Ladi ce. Kasuwar Kejetia ka shiga da safe, jaka a ƙirji.

Abinci a kudu sai ka buɗe ido. Fufu da banku da dokunu ba laifi, miyar ce abin tambaya, don alade da naman daji irin su gyazbi suna shiga tukunya. In ka rasa tabbas ka ce kifi. Kuma ga abin dariya: wake da shinkafar nan da duk Gana ke ci sunanta waakye, tuwon arewa sunansa tuo zaafi, kokon safe kuma Hausa koko. Kakanninka sun riga ka isa, ta baki.

Yanzu arewa. Manyan motoci suna bi ta Techiman da Kintampo zuwa Tamale, hanya ce mai sauƙi, bar ta wa dawowa. Kai da ka ce sawun kakanka kake nema, bi ta Mampong, Ejura, Atebubu har Yeji, ka hau jirgin fito ka tsallaka Tafkin Bolta zuwa Makango, daga nan Salaga. Tafkin bai san kakanka ba, madatsar Akosombo ce ta haife shi a 1965, amma hanyar ita ce tsohuwar hanyar goro. Jirgin ba ya tashi da agogonka, ka ware masa yini. A hanyar za ka ga kurmi yana sirancewa, kuka da kaɗanya suna fitowa, iska ta bushe, jikinka ya ce maka an kusa gida alhali nesa kake ƙara yi.

Kada ka sa ran ganin Salagar da kakarka ke ba da labari. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu, yau ƙaramin gari ne mai shiru. Amma tsofaffin rijiyoyin suna nan birjik, da filin da aka yi kasuwar bayi. Nan ne nake so ka tuna Elmina. Ayarin da ke zuwa daga ƙasar Hausa ba kanwa da fata da tufafi kaɗai yake kawowa ba, har da mutane. A gida labarin goro ake ba mu, wannan ɓangaren ba a cika faɗa ba. Ka tsaya a filin, ka yi wa kakanka addu'a, ka yi wa waɗanda aka sayar.

Tamale za ta yi maka kama da gida: babura, masallatai, mata da lulluɓi, maza da riga saƙi mai faɗin gindi da suke kira batakari. Amma Dagomba ne, ba Hausawa ba, sarkinsu Ya Na yana Yendi. Ka ce "dasiba" da safe, a amsa maka da "naa". Bikinsu na Damba a Rabi'ul Awwal yake, da dawaki da kalangu da goge, wato lokacin Sallar Ganinku ta Daura. A 'yan shekarun nan cikin damina yake faɗowa, ni kuwa shawarata ka yi tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, hanyoyi sun bushe, giwayen gandun dajin Mole suna fitowa shan ruwa inda za ka gan su kana tafe da ƙafa bayan ma'aikaci mai bindiga. Dole ka zaɓi ɗaya, Damba ko giwa. Kusa da Mole akwai masallacin Larabanga, ginin ƙasa da itatuwa, fari fat, ƙarami ƙwarai. Mutanen garin sun ce tun 1421 yake. Ɗan jihar da ke da Gobarau ya kamata ya yi raka'a biyu a ciki. Samari za su yi maka caa kowa na cewa shi ne ɗan jagora, ka zaɓi ɗaya, ku yi ciniki kafin ka ɗaga ƙafa. In kwana ya rage ka je Paga ka ga kadoji. Bawku kuwa kada ka nufe ta, rikicin sarauta ne a can.

Kaya: in ba za ka iya tafiya daga Kusugu zuwa tashar mota da jakar a bayanka ba tare da ka sauke ba, ta yi nauyi. Kaftani biyu, wando da riga biyu, silifas, takalmi mai rufi, 'yar darduma, gidan sauro, maganin zazzaɓi, caja da fawa bank, ƙuli-ƙuli da dambun nama don ranar da miya ta gagara. Kuɗi ka kasa uku, kada biyu su kwana wuri ɗaya, kuma kason komawa gida ko yunwa ta kama ka kada ka taɓa. Duk garin da ba ka yi niyyar kwana huɗu ba kana da ƙasaru. Ka kira Inna kullum bayan Isha'i, ka tuna agogonta ya riga naka da awa ɗaya.

Tambaya

Kawu, ni ma ina da niyyar irin wannan tafiya, amma jakar goyo mai kyau tsada. Ba zan iya zuba kayana a Gana-mas-go ba?

Abba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa

Abba, ka san inda jakar ta samo suna? A 1983, zamanin Shagari, aka kori baƙi marasa takardu daga Najeriya, akasarinsu mutanen Gana, suka kwashe kayansu a cikinta. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia ta yi wa namu irin haka a can. Kowa ya yi wa kowa, kuma tsofaffi ba su manta ba. Ba wanda zai tare ka saboda jaka, su ma suna amfani da ita, sai dai bakinka: kada sunan nan ya fito a motar haya. Matsalarta ta gaske hannu ɗaya take cinyewa, zif ɗinta kuma ba ya kai Legas. Shiga babbar kasuwa wajen 'yan gwanjo, nemi jaka mai maɗaurin ƙugu, ka ja ɗinkin kafaɗun da ƙarfi a gaban mai ita. In bai yi ƙara ba, biya.