Hajiya, don Allah kada ki taɓa fadamar nan

Assalamu alaikum Hajiya. Tun da asuba na ga tambayarki, na so in wuce na kasa. Kin ce ɗanki shekararsa 16, ya kai ƙafa 6 da inci 5, ba abin da ke ransa sai ƙwallon kwando, kuma wani mutum ya gan shi yana wasa a Birnin Kebbi ya ce a kawo naira miliyan uku ya fitar da shi Amurka, har kina tunanin sayar da fadamar da mahaifinsa ya bari. Kada ki sayar. Ko jingina kada ki bayar. Ni an yi min irin wannan, kuma har yau ban gama warkewa ba.

Namu mutumin da babbar riga ya zo, da carbi a hannu, yana nuna mana hotunansa da Turawa a waya. Ya ci tuwo a zauren gidanmu, ya bi Baba sallar la'asar, yana ce masa "Baba, wannan yaron shi zai kai ku Makka." Baba ya kai shanun nomansa biyu kasuwar Jega, ya jinginar da gonar shinkafa, aka haɗa kuɗi. Inna ta yi min dambun nama da yaji, 'yan unguwa suka raka ni tasha. A Legas ya zuba mu a ɗaki guda na wani ƙaramin otal, ni da wasu yara daga Filato da Binuwai, dukanmu dogaye, ƙafafunmu sun fi katifar tsawo. Ya karɓe fasfo ɗinmu wai zai kai ofishin jakadanci. Kullum gobe, kullum jibi. Wata safiya muka kira, waya a kashe. Mai otal ya riƙe jakunkunanmu saboda ba a biya shi ba, har da takalmin wasana, wanda shi kaɗai gare ni. Da silifas na hau motar shanu da za ta koma arewa ba kaya, wani direba ɗan Yauri ya ji tausayina. Na sauka da dare don kada kowa ya gan ni, amma ina! Kafin sati ya zagayo an laƙaba min "Ɗan Amurka", kuma har yanzu akwai masu kirana da shi a majalisa, suna dariya, su a ganinsu wasa ne. Baba bai taɓa yi min gori ba, amma daminar nan da hannu ya yi huɗa, yana da shekara sittin da wani abu. Mutumin kuwa na ji labarin ya sake sheƙa, ya koma kwasar yaran ƙwallon ƙafa. Ban yafe ba. Mun bar shi da Allah.

Ki yi haƙuri na ja zancen. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a wannan harka wanda ya ga yaro yana da amfani shi ke kashe kuɗi a kansa. Ejan na gaskiya, wato wakilin ɗan wasa, sai an sa hannu a kwantiragi yake cin kasonsa, kuma yana da lasisi daga FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Dokar FIBA ma ba ta yarda a ɗauke yaron da bai cika 18 ba a kai shi kulob ɗin wata ƙasa sai da dalili na musamman. In kuwa makaranta ce a Amurka, ita za ta aiko da takardar da ake kira I-20 da sunan yaron, da ita ake neman bizar ɗalibi. Ki ce ya faɗi sunan makarantar da sunan kocinta, ki sa wani mai ilimi a dangi ya rubuta musu da kansa. Za ki ga yadda fuskarsa za ta canza. Kuma fasfo kada ya bar hannunki.

Yaran nan duk NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suke gani a waya, ba su san kulob 30 ne kacal ba, kuma sababbin 'yan wasa wajen 60 ake zaɓa a shekara daga duk duniya. Ejike Ugboaja daga lig ɗinmu na gida kulob ɗin Cleveland ya zaɓe shi a 2006, muka yi ta murna, amma bai buga ko wasa ɗaya a NBA ba, a wasu ƙasashen ya ci abincinsa, kuma ya je wa Najeriya gasar Olamfik ta 2012. Wannan fa gwani ne na gaske. Shi ma Hakeem Olajuwon da kowa ke kafa hujja da shi, wai ya fara a makare, yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa a Legas, ai ta jami'a ya bi. Jami'ar Houston ya shiga, daga nan aka zaɓe shi na ɗaya a 1984, ya ci kofi a 1994 da 1995. Ni abin da ya fi burge ni da shi, yana azumin Ramadan yana buga wasa, kuma a Fabrairun 1995, cikin azumi, aka ba shi gwarzon wata. Ki gaya wa yaronki wannan in ya fara cewa atisaye ya hana shi azumi. Masai Ujiri kuwa a Zariya ya tashi, bai yi wani dogon zango a matsayin ɗan wasa ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Ƙwaƙwalwa ce ta kai shi can.

Don haka maganar barin makaranta ma kada ki saurara. Ba takardar karatu, da wuya wata makarantar waje ta dube shi. Kuma kada wani koci ya ruɗe ku a rage masa shekaru. A zamaninmu kowa na da takardar haihuwa biyu, na san wanda dama ta zo masa har gida, aka ga fasfo da takardar makaranta sun saɓa, shi ke nan.

Bayan abin Legas na koma fili, don ba abin da na iya sai shi. Na samu wani kulob a arewa, ba zan kama suna ba. An ce ƙwararre ne kai, amma albashi sai a yi watanni ba a gani ba, alawus ɗin wasa a raba shi a bayan mota, a kwana a hanya a sauka a shiga fili. Ranar da gwiwata ta tafi, na tashi kamo ƙwallo ne na sauko a kan ƙafar wani, na ji ƙas. Manajan ya leƙo ya ce a sa ƙanƙara. Da suka ga abin ba na tashi ba ne, kuɗin mota kawai aka ba ni. Wajen mai ɗori aka kai ni, ya ja ya murɗa, alhali jijiya ce ta tsinke, ba ƙashi ba. Sai daga baya da na je asibitin ƙashi na Dala a Kano aka gaya min, lokacin ƙafar ta riga ta saba da ɗingishi. Yanzu a kujera nake sallah in sanyi ya shigo. Filayenmu na siminti ne, Hajiya, suna cin gwiwa kamar yadda gara ke cin azara, ba ka sani sai ranar da ta karye. Ki saya masa takalmi mai kyau ko na gwanjo ne, in ya ji ciwo a tafi asibiti a ɗauki hoto.

Ban ce ki hana shi ba fa. Yanzu ƙofofi sun fi na da yawa. Ya fara da gasar Milo ta makarantun sakandare, ya shiga tawagar jiha, a gan shi. Masai yana da gidauniyar Giants of Africa da ke shirya wa yara sansanin horo, akwai makarantar NBA a Saly ta ƙasar Senegal inda su ke zaɓar yaro su ɗauki nauyinsa. Tun 2021 ga gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, Rivers Hoopers ta Najeriya ta zo ta uku a 2024. In ya ci JAMB, ni da zai samu Zariya ko Kano da na fi so, can wasan ke da tushe, Kano Pillars ta daɗe tana riƙe da arewa. Sai dai lig ɗin gida ba abin dogaro ba ne, rikicin shugabanci da ya ɓarke a 2017 ya sa an yi shekaru ba a buga shi yadda ya kamata ba, yara da yawa suka tsufa a zaune.

Wani abu kuma, tsawon nan kada ya ruɗe shi. A nan shi ne dogon unguwa, koci zai dasa shi ƙarƙashin kwando ya ce ya riƙa tsalle kawai. A NBA ƙafa 6 da inci 5 bai ma kai matsakaici ba, masu irin tsawonsa su ke jan ƙwallo da jifa daga nesa. Ya koyi buga ƙwallo da hannun hagu, ya koyi jifa, kullum da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ni ba wanda ya gaya min haka sai da na girma.

In yana da ƙanwa mai tsawo ita ma a bar ta, matanmu na D'Tigress sun kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta 2024, abin da ba wata tawagar Afirka da ta taɓa yi, maza ko mata.

Ki sa kawunsa ya yi min magana ta akwatin saƙo, ya turo hoton mutumin, akwai tsofaffin 'yan wasa da zan nuna wa ko wani ya san shi. A haɗa min da lambar takalmin yaron, ina da wani 47 da ban sawa yanzu.