Ina zan tsaya in yi waya a hanyar da sabis ke ɗaukewa?

Tambaya: Ni direban motar haya ne. A hanyar da nake bi, sabis yana ɗaukewa tsawon tafiya, sai a kan wani tudu yake dawowa, kuma babu allon da ke nuna wurin. Ko ya dace in riƙa tsayawa a kan tudun?

Amsa: Malam, kada ka tsaya a ƙololuwar tudun. Sabis yana dawowa a can ne saboda babu abin da ya tare tsakanin wayarka da ƙarfen sabis, amma nan ne kuma direban da ke hawowa ba ya ganinka sai ya iso kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin direban tirela ya ankara ya taka burki, ya riga ya cinye mita 50 ko fiye, ga nauyin kaya yana tura shi.

Ka wuce tudun, ka nemi miƙaƙƙen wuri inda ake hango ka daga nesa ta gaba da ta baya. Ban da kwana, ban da bakin gada ko kwalbati. Ka kunna sigina tun da wuri, ka sauke tayoyi huɗun duka daga kwalta, ka ja burkin hannu. Da damina ka duba ƙasar tukuna, don gefen titi yakan jiƙe ya zabtare. In akwai gidan mai, tasha ko ƙauye a kusa, can ya fi, musamman inda ake fama da 'yan bindiga. Idan lalacewa motar ta yi, ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar taku 50 a baya, ba ganye ba, fasinjoji kuma su fita su yi nesa da titi.

Ita wayar, in alamar sabis ɗinta sanda ɗaya ce, tura saƙon tes. Yana wucewa inda murya ke yankewa. Ka mayar da ita 2G, ya fi nisan zango a karkara, ka kuma riƙe layin kamfanoni biyu. Lambar gaggawa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma 122. Kafin ka kira, ka san sunan ƙauyen da ka wuce na ƙarshe.

Batun allo kuwa, ƙorafinka na kan hanya. A yankin Alice Springs na Ostireliya an kafa faranti irin na tauraron ɗan adam a gefen hanya wanda ke tattaro sabis mai rauni ba tare da lantarki ba, matafiyi ya ɗora wayarsa ya yi kira. Amma allo kaɗai, babu filin fakin da aka share aka daddale, tara motoci zai yi a wuri mai haɗari. Ƙungiyarku ta direbobi za ta iya rubuta wuraren, ta kai wa FRSC da ma'aikatar ayyuka.