Tambaya da Amsa: Rage Maimaita Umarnin SQL a Manhaja

Tambaya: Malam, ina gina wa wani kantin magani a unguwar Zariya ta Maradi manhajar lissafin kaya da harshen PHP da rumbun bayanai na MySQL, amma a kowane shafi sai na sake rubuta haɗi da rumbun bayanai. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Ka rubuta ƙaramin aiki guda wanda zai karɓi umarnin SQL (harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi) tare da ƙimominsa, ya shirya shi ta PDO, wato hanyar PHP ta haɗi da rumbun bayanai, ya aiwatar, sannan ya dawo maka da layukan sakamako, kuma a buɗe haɗin sau ɗaya kawai. Abin da na fi damuwa da shi shi ne kada ka manna abin da mai kanti ya buga kai tsaye cikin umarnin. Ka sa alamar tambaya a gurbin sunan magani, ka miƙa sunan daban, domin ta ɓarakar manna rubutu kai tsaye ce ɓata-gari ke cusa nasu umarnin. Alamar ba ta aiki a gurbin sunan tebur, wannan sai ka tantance shi da kanka. Tsofaffin ayyukan PHP na haɗi da MySQL masu farawa da mysql_ kuwa, an cire su tun PHP 7 a 2015.